Ƙahon da Ba a Yi wa Ummi Ba

Sunana Habu, wanzami ne ni ɗan wanzami. A nan Haɗeja nake da rumfa, amma asalinmu Auyo, can mahaifina yake zaune har gobe da tsohuwar zabirarsa. Hannuna ya fi sabawa da aska a kan alƙalami, to amma mutanenmu sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Nawa gemun ya kama a ƙarshen daminar bara, Allah Ya kashe wutar. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba, musamman saboda 'yan'uwana masu riƙe aska da iyayen da ke kawo mana 'ya'yansu.

Ummi ita ce 'yata ta uku, shekararta tara a lokacin. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka ba mai kiran sunanta na yanka a gidan. Baba kuwa uwargida yake ce mata, ita kuma ta murguɗa baki ta ce ba ta son miji marar haƙori. Yarinya ce mai surutu kamar an kunna rediyo. Ranar da ta dawo daga Islamiyya ta wuce ɗaki ba ta tsokani kowa ba, uwarta Lantana ta bi ta ta taɓa goshinta, ta janye hannu da sauri. Jikin ya yi zafi rau, ba wani ɗumi-ɗumi da ya fara yi. Ummi ta ce bayan idanunta ne ke ciwo, kamar ana turo su daga ciki.

Mu mutanen fadama kowane zazzaɓi sunansa ɗaya a wurinmu, cizon sauro. Ba laifinmu ba ne. Ruwa ya cika ko'ina, shinkafa ta fara fitar da kai, sauro ya fi jama'ar gari yawa. Lantana ta je kemis ta karɓo maganin maleriya, aka haɗo mata da waɗansu ƙwayoyi na ciwon jiki a ƙulle a leda. Muka ba ta, muka zuba ido. Zazzaɓin ko gezau. Sai ma ciwon ya sauka cikin ƙasusuwanta, in za a ɗaga ta sai ta yi ihu ta ce a bar ta a inda take. Abin da ta ci kuma sai ya dawo.

Ka san gidan da ake jinya ba ya rasa likitoci. Yayar Lantana ta ce shawara ce, a nemo saiwa. Maƙwabciyarmu ta ce taifod ne, ita ma haka ya yi mata. Wani ya ce a yi sirace da ganyen darbejiya, aka yi, yarinya ta fito daga cikin bargo tana haki. Ni kuwa abin da ke raina daban ne. Ciwon kai irin wannan, da ɗan wani aka kawo mini rumfa, ƙaho zan kafa masa a ƙeya, in ɗan tsattsaga wurin da aska, in zuƙe mugun jinin. Na yi wa 'ya'yan mutane ban san iyaka ba. Amma wanzami ba ya son jarfa, da na dubi ƙeyar Ummi sai hannuna ya mutu. Na kira Baba a waya na gaya masa. Ya ce ruwa ya yanke hanya sai da kwalekwale, amma yana tafe, kada in bari kowa ya taɓa masa uwargida.

Lantana ba ta jira shi ba. Da safe na ga ta yafa mayafi, ta saɓi yarinyar nan da ta kusa kai ta tsawo, ta ce, "Malam, ni dai asibiti zan kai ta. In ka ga dama ka biyo mu." Na biyo su mana, ina da zaɓi ne?

A nan zan ɗan yi ƙorafi, don gaskiya ɗaya ce. Layin yankar kati kawai ya isa ya ƙarasa marar lafiya. Daga wannan taga a tura ka waccan, daga waccan a ce mai hatimi ya fita. Ummi na kwance a kan benci, kanta a cinyar uwarta, ƙuda na bin bakinta, ni kuma ina ta cije haƙora don kada in faɗi abin da zai sa a kore mu. Aka soki yatsanta aka gwada maleriya, babu. Aka sake, babu. Na ce wa mai gwajin abin nasu ne ya lalace, don a garin nan ko akuya aka gwada sai an samu maleriya. Ya yi dariya ya ce mu shiga wurin likita. Sai bayan azahar aka ba mu gado a ɗakin yara.

Likitar yaran sunanta Dakta Falmata. 'Yar siririya ce, ba tsawo, Hausarta da ɗan ɗanɗanon Barbarci, ta ce kakanninta daga bakin tafkin Chadi suka taso. Da na fara ganinta na ce a raina, wannan ai sa'ar ƙanwata ce, me ta sani? Allah Ya yafe mini. Ta zauna a bakin gadon ta yi mana tambayoyi kamar alƙali. Yaushe zazzaɓin ya fara, da safe ko da yamma? Me muka ba ta? Ta ce a nuna mata ledar magungunan, ta zazzage su a tafin hannunta, ta ware waɗansu gefe guda. Ta ce, "Waɗannan kada ta ƙara shan ko ɗaya. Suna hana jini tsayawa. Farasitamol kaɗai za mu ba ta."

Sannan ta tambayi inda muke ajiye ruwa. Na ce randuna da duro, kamar kowa. Ta ce sauro na cizon yaran da rana? Nan na buɗe baki na fara cika shi, na ce a gidana ba yaron da ke kwana ba gidan sauro, ko ni in na ga ƙofa a jikinsa da kaina nake ɗinkewa. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce akwai wani sauro mai fararen zane a ƙafafu, shi ba ruwansa da dare, da rana tsaka yake cizo, kuma ba a kwata yake ƙwai ba, a cikin ruwa mai tsabta na randa da duro da tsofaffin tayoyi. Ta ɗaura wa Ummi abin awon jini a dantse ta bar shi ya ɗan jima. Da ta kwance sai ga ɗige-ɗige jajaye sun fito a fatar kamar an barbaɗa garin barkono.

Ta ce tana zaton wani ciwo ne da ake kira dengi. Ban taɓa jin sunan ba. Ta ce amma zato ba sani ba ne, don akwai waɗansu cututtuka masu kama da shi, ciki har da masu yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma kowanne da yadda ake bi da shi. Gwajin da zai raba gardama babu shi a nan, sai an kai jinin wani babban ɗakin gwaji a Kano. Sunan gwajin ya zauna mini a kai don ta maimaita shi ya fi a ƙirga, Pi-Si-Ar. Ta ce dole a ɗebi jinin yanzu, tun ƙwayar cutar tana yawo a cikinsa, in aka ƙara kwanaki za ta ɓuya, a neme ta a rasa.

Ni da jini sana'ata, sai na bi mai ɗibar don in ga yadda suke yi. Abin da ya ɗiba bai kai cokali ba. Ya rufe a 'yar kwalba, ya rubuta suna, ya naɗe, ya sa a cikin wani akwati mai ƙanƙara, yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Babu wuta a ranar, na ga ya fita da kansa ya dawo da ƙarin ƙanƙara, ya ce in jinin ya ɗumama a hanya aikin banza aka yi. Ya tsaya a rana har sai da ya ga motar ta tashi. Ni da na haƙa rami na zubar da jinin mutane kwano-kwano, ban taɓa tsammanin zan ga ranar da za a ba cokali guda na jini mazauni a mota zuwa Kano ba. Na yi masa godiya, ya ce ai aikinsa ne.

Washegari Baba ya iso, ƙafar wandonsa duk laka, zabira a kafaɗa. Ya dubi uwargidansa ba ta ko iya murguɗa masa baki ba, na ga fuskarsa ta canza. Da likita ta zo zagaye ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a daƙile, ya ce, "'Yar nan, mene ne sunan ciwon?"

Ta ce, "Baba, muna zato, amma muna jiran sakamako daga Kano."

"To wane magani kuke ba ta?"

"Wannan ciwon ba shi da maganin da ke kashe shi. Muna saukar da zazzaɓi, muna ba ta ruwa, muna sa ido."

Baba ya dube ni, ya dube ta. "Ruwa? Daga Auyo na taso, ruwa ya cinye mini rabin gona, ki ce mini ruwa ne magani? Ba ku san sunan ciwo ba, ba ku da maganinsa, to ku ba ni jikata. Jini ne ya taru mata a kai. Ƙaho biyu ya ishe ta."

Na zaci za ta yi fushi, ko ta yi masa Turanci ta wuce kamar yadda waɗansu ke yi. Sai ta jawo kujera ta zauna ƙasa-ƙasa da shi. Ta ce, "Baba, kai wanzami ne. In baƙo ya zauna a gabanka bai ce uffan ba, za ka iya sanin daga ina ya fito?"

Baba ya gyara zama, don an zo fagensa. Ya ce, "Da na dubi tsagar fuskarsa na gama. Ba'auyaki daban, Bamange daban, Babarbare irinku kuwa ko a kasuwa ba ya ɓata."

Ta ce, "To ƙwayoyin cuta ma haka suke, kowacce da tsagar gidansu. Sai dai tasu ido ba ya gani. Injin da ke Kano yana ɗaukar ɗan abin da ya samu a cikin jini ya yi ta hayayyafa shi, har tsagar ta fito fili a karanta. In ta fito, ba zato kuma. Abin da nake roƙonka, kafin nan kada aska ta taɓa jikin yarinyar nan. Ko farce kada a yanke mata."

Na san Baba, maganar ta shige shi, ko da yake bai so a gane ba. Ya shafa gemu ya ce, "Na ba ki har jinin ya dawo da amsa."

Abin da ya kusa halaka mu ba tsanantar ciwon ba ne, sauƙinsa ne. Ranar Talata da hantsi sai gumi ya karyo wa Ummi, jikinta ya yi sanyi, ta buɗe ido ta nemi a zaunar da ita. Kai, ka ga murna! Lantana ta yi ta hamdala tana share hawaye. Aka buga waya gida, yayarta ta soya waina aka raba wa yaran unguwa sadaka. Kafin azahar 'yan barka sun cika barandar, kowa na cewa ai dama shi ya faɗa. A wurinmu in zazzaɓi ya karye da gumi, ciwo ya tafi ke nan, haka muka taso muka tarar. Ummi dai ta ce kanta bai daina ciwo ba, cikinta ma yana murɗa, amma wa ya tsaya sauraron wannan?

Baba ya kira ni gefe. Ya ce, "Habu, alkawarin da na yi na ciwo ne, ciwo kuwa ya tafi. Saura dattin da zazzaɓi ya dafa, shi ne ya taru a ƙeya yake sa ta ciwon kai. In aka bar shi ya kwana, idonta zai taɓa. Je ka karɓo sallama."

Wanda bai tashi a gidanmu ba ba zai gane ba. Baba shi ya koya mini riƙe aska, shi ya yi mini kaciya, shi ya yi wa 'ya'yana askin suna. Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba. Kuma gaskiya ni ma zuciyata ta karkata wajensa, don idona ya ga yarinya a zaune. Na tafi ofishin likita ina murmushi, na ce mun gode, Allah Ya saka, a ba mu sallama.

Dakta Falmata ta ajiye abin da take rubutawa. Ta ce, "Baban Ummi, zauna." Na zauna. Ta ce, "In dengi ne, ranar da zazzaɓi ya sauka ita ce ranar da muke tsoro." Wannan maganar har in mutu ba zan manta da ita ba. Ta ce a daidai wannan gaɓar ne jijiyoyi kan fara yoyo daga ciki, ruwan jini ya riƙa tsiyayewa inda ido ba ya gani, yaro yana zaune yana magana sai kawai ya sulale. Ta ce kuma akwai waɗansu 'yan ƙwayoyi a cikin jini masu toshe rauni, na Ummi tun jiya suke raguwa, yau sun yi ƙasa ƙwarai. In aka tsaga ta a wannan hali, ba ta san abin da zai tsayar da jinin ba.

Na ce, "Likita, kin ce in dengi ne. In kuma ba shi ba ne fa? Me zan gaya wa tsohon nan?"

Ta ce ba ta da igiyar ɗaure mu, amma in ba ta lokaci zuwa la'asar. A gabana ta ɗauki waya ta kira Kano. Na ji wata mata daga can tana cewa jinin yana cikin inji, ba a iya gaggauta shi, in ya gama ya gama. Likita ta ce mata, "Don Allah kina gani ki kira ni, kada ki jira takarda. Kakan yarinyar na nan da askarsa." Lokacin tashin likita daga aiki ya yi, wanda zai canje ta ya zo, amma ta ƙi tafiya gida.

Da na koma na gaya wa Baba ba a ba da sallama ba, ransa ya ɓaci. Ya ce in ba za su sake ta ba, ai gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin ma wuri ne, aikin ƙaho nawa yake? Ya sauke zabira ya ɗora a gwiwa, ya fara kwance igiyarta. Ya ce in ɗauko yarinyar. Na tsaya kamar an dasa ni, ban ce e ba ban ce a'a ba. Kunyar wannan tsayuwar har yau ina jin ta.

Lantana ce ta yi abin da na kasa. Tunda aka kawo ta gidanmu ba ta taɓa haɗa ido da Baba ba, ko gaisuwa daga bayan ƙofa take yi, a durƙushe. Ba za ta iya yi wa surukinta musu ba, ba ta kuma yi ba. Sai ta hau gadon ta zauna, ta ɗora kan Ummi a cinyarta, ta ja mayafinta ta lulluɓe kan yarinyar da nata gaba ɗaya, ta sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Habu, ce wa matarka ta matsa." Na ce, "Lantana." Ko motsi ba ta yi ba. Shi kuma ba zai sa hannu ya yaye mayafin surukarsa ba, ko sama da ƙasa za su haɗe. Haka muka zauna mu uku, 'yan barka suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

An idar da la'asar ke nan sai ga likita ta shigo da sauri, waya a hannu. Ba ni ta nufa ba, wurin Baba ta je ta durƙusa. Ta nuna masa hoton da aka turo, wani layi ne da ya taho a kwance sannan ya miƙe sama. Baba ba ya karatun boko, amma ya ƙura masa ido.

Ya ce, "An ga tsagar?"

Ta ce, "An gani, Baba. Dengi ne. Gidansu kashi huɗu ne, har an gane wanne ne a ciki. Sauran cututtukan da muke tsoro an duba, babu su."

A daidai lokacin wata nas ta zo ta sake ɗibar jinin Ummi don awo. Da ta zare allura, likita ta karɓi audugar ta miƙa wa Baba ta ce, "Baba, taimaka ka danne mata nan." Har yau ban sani ba ko da gangan ta yi. Baba ya danne da babban yatsa. Duk wanzami ya san ramin allura ba ya kai ƙarshen Fatiha bai tsaya ba. Ya ɗaga, jini na tsattsafowa. Ya sake dannewa ya daɗe, ya ɗaga, yana nan yana bin hannunta. Aka canza auduga. Ummi ta buɗe baki za ta ce wani abu, sai muka ga dasashinta ma ya yi ja da jini. Da hannu ɗaya Baba ya ture zabirar daga gwiwarsa ya ce mini, "Ɗaure, ka kai gida." Ɗaya hannun kuwa bai ɗaga shi daga kan audugar ba har sai da nas ta naɗe wurin.

Kafin in dawo daga gida abin da likita ta faɗa ya faru. Na tarar hannayen Ummi da ƙafafunta sun yi sanyi ƙalau, tana ta juye-juye tana riƙe ciki, ana kiran sunanta tana amsawa da ƙyar. Yarinyar da aka raba wainar sadakarta da hantsi! Na tsuguna a jikin bango ina karanta duk abin da ya zo bakina. Amma su ba su ruɗe ba, don sun riga sun san da wa suke faɗa. Ƙarin ruwa na rataye tun kafin a buƙace shi. Likita ta tsaya a kai tana buɗewa tana ragewa kamar mai ban-ruwan shinkafa, ta ce in ya yi kaɗan jini ba zai zaga ba, in ya yi yawa zai cika mata huhu. Ana taɓa jijiyar hannu, ana awon jini, har fitsarinta sai an auna an rubuta. Aka gwada jinina aka ce in zauna kusa ko za a buƙata, Allah bai sa an kai ga haka ba.

Kwana biyu muka yi a wannan hali, rai a hannun Allah. Ban san lokacin da Dakta Falmata take cin abinci ba, don duk sanda na ɗaga kai tana nan ko ta fita ke nan. Nas-nas ɗin nan da na yi ta zagi a raina ranar farko saboda tsawa, su ne suka yi ta juya mini 'ya suna goge mata baki. Baba ya shimfiɗa buzunsa a baranda, ya ƙi zuwa gida ko wanka. Daga nan hannayenta suka fara ɗumi, fitsari ya yawaita, likita ta fara rage ruwan da kanta. Ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso mata a ƙafafu, muka tsorata, aka ce mana alamar warkewa ce. Ranar da ta dubi Baba ta ce ya matsa yana warin goro, dariya da kuka suka haɗe mini.

A mako na biyu aka sallame mu. Abin da jinyar ta ci ba zan tsaya lissafi ba, ragon da nake kiwo domin layya dai ya tafi, ban kuma yi baƙin ciki ba. Abin da ke ci mini rai daban ne. Mu ne a bakin kogi, mu ne sauro ya fi sani, amma injin da zai faɗi sunan ciwonmu sai an yi masa tafiyayya zuwa Kano. Yaro nawa ne a Guri da Miga da ƙauyukan da ruwa ya zagaye zazzaɓinsu ya sauka aka yi murna, kwana ɗaya aka wayi gari ana cewa iska ce ta ɗauke su? Ban sani ba, ba kuma wanda ya gwada jininsu balle ya sani. Ina roƙon masu iko su matso mana da wannan gwaji kusa. Matar nan ta Kano da ban taɓa ganin fuskarta ba, da mai ƙanƙara, da Dakta Falmata, ba abin da zan iya biyan su da shi, kullum suna cikin addu'ata.

Ku kuma iyaye, in zazzaɓi ya zo wa yaro farat ɗaya da ciwon bayan ido da na ƙashi, aka gwada maleriya babu, kada ku yi ta ɗura masa ƙwayoyin ciwon jiki. In an kwantar da shi, kada ku nemi sallama don kawai jiki ya yi sanyi. Ku rufe randunanku, ku riƙa wanke su, ku kifar da duk abin da ke tara ruwan sama. 'Yan'uwana wanzamai, ban ce ku bar gadonku ba, ni ma ban bari ba. Amma yaro mai zazzaɓi in an kawo shi, a mayar da aska kube, a nuna wa iyayensa hanyar asibiti.

Baba ya ƙara 'yan kwanaki a wurinmu, bai taɓa tayar da maganar abin da ya faru ba, ni ma ban tayar ba. Ranar da zai koma na ɗauke shi a babur zuwa inda ruwa ya yanke hanya, masu kwalekwale na jiran fasinja. Ya sauka, ya naɗe ƙafar wando, ya rataya zabira. Har ya sa ƙafa ɗaya a cikin jirgin sai ya tsaya, ya buɗe tafin hannunsa na dama yana kallo. Bai dube ni ba.

Ya ce, "Habu, da matarka ta matsa ranar nan, da wannan hannun zan kashe jikata. Ina kuwa yin bismilla."

Mai jirgi ya kafa gora ya tura, na tsaya a bakin ruwan har suka shige cikin kaba.